Tambaya da Amsa: Wace Firinta Ce Ba Ta Cinye Mutum da Kuɗin Tawada?

Tun da aka koma makarantu, yawancin tambayoyin da suka shigo wannan fili a kan firintar gida suke. Daga Garwa, daga Marwa, daga Kuseri har tsallaken kogi a Njamena, kukan kusan ɗaya ne: an sayi na'ura da araha, tawada kuma ta zama kaya. Mun ɗauko bakwai waɗanda muke ganin amsarsu za ta amfani har wanda bai rubuto ba. Farashin da za ku gani a ciki na masu tambaya ne yadda suka rubuto, ko kuma misali ne don lissafi. Jaka ɗaya a nan sefa dubu ce. Kowa ya sa na kasuwar garinsu ya sake buga lissafin.

Daga wani malamin firamare a Garwa: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramar firinta mai kartush a kan jaka 35 don in riƙa buga wa ɗalibaina aikin gida da takardun gwaji. Kartush na baƙi jaka 10 nake saye, kuma ba ya kai mini sati uku. A wata ina buga shafi kamar 200. A bakin titi kuwa sefa 25 ake yi mini fotokofi. Na'urar ce ta lalace, ko a kartush ake cuta ta? An ce in sayi mai tanki, amma jaka 140 aka ce mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na'urarka lafiyarta ƙalau, kuma da wuya a ce an cuce ka. Haka aka ƙera ta. Ƙananan firintoci masu kartush, wato ɗan akwatin tawada da ake sauyawa in ya ƙare, ana sayar da su ne da sauƙi, riba kuma a tawada take. Ƙaramin kartush na baƙi irin HP 123 ko HP 305, kamfanin da kansa shafi wajen 120 ya rubuta masa. Canon PG-445 shafi wajen 180. Kai da ke buga 200 a wata, kartush mai shafi 120 kwana 18 zai yi maka, daidai da abin da ka gani.

To mu buga lissafin. Jaka 10 a raba wa shafi 120, kowane shafi ya ci sefa 83 a tawada kaɗai, ba a sa takarda ba. Ke nan shafin da ka buga a ɗakinka ya ninka na bakin titi fiye da sau uku. A wata kana zuba kusan jaka 17 a kartush, kafin wata uku ka biya kuɗin na'urar kanta har da ƙari.

Mai tanki ba ta da kartush da ake jefarwa. Tankuna huɗu ne a jikinta, baƙi, shuɗi, ja da rawaya, ana zuba musu tawada daga kwalba, siririn tiyo ya kai ta kan da ke fesawa. Waɗanda aka fi gani a shagunanmu kashi uku ne. Akwai Epson L3210 da L3250, masu shan kwalba mai lamba 103, mililita 65, wadda kamfanin ya ce baƙinta na buga shafi 4,500, kalolin uku a haɗe kuma 7,500. Akwai Canon G2420 da G3420 masu kwalba GI-41, baƙinta mililita 135, shafi 6,000. Sai HP Smart Tank, irin 515 da 580, masu baƙi GT53 da kala GT52. Duka suna bugawa, suna fotokofi, suna sikan.

Kada ka ɗauki waɗannan adadi kamar yankan wuƙa. Da shafukan gwaji na ƙa'idar ISO, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa, ake auna su, ana bugawa a jere ba tsayawa. Takardar gwajin ɗalibai mai layuka da zane da manyan haruffa ta fi shan tawada, kuma duk lokacin da na'ura ta wanke kanta tana zubar da wani abu. Saboda haka mu raba adadin biyu don kada mu yaudari kanmu. A ce kwalbar baƙi jaka 7 ce, ta buga maka shafi 2,250 kacal: shafi ya tashi sefa 3. Tsakanin 83 da 3 akwai sefa 80 a kowane shafi. Kai da ke buga 200, jaka 16 ke nan take rage maka a wata, jaka 140 ɗin za ta dawo cikin wata tara. Wanda bai riga ya sayi mai kartush ba, bambancin kuɗin na'urorin biyu jaka 105 ne, shafi 1,300 da 'yan kai ya biya shi. Daga nan abin da zai fi ci maka kuɗi takarda ce: ram mai warƙa 500 in ka saya jaka uku da rabi, kowace warƙa sefa 7, ta fi tawadar tsada.

Ra'ayinmu, Malam, ka saya. Amma kafin ka zaɓi suna, ka zaga shaguna uku a Garwa ka tambayi kwalbar tawadarta, ka riƙe ta a hannunka, ka ji kuɗinta. Na'urar da sai an aika Duwala ko Yawunde kafin a samo mata tawada, ranar da ka fi buƙatarta za ta zauna. Sannan ka tambayi mai gyaran garinku wacce ya fi samun kayanta. A Canon da HP ana iya ciro kan fesawa a sa sabo da hannu in ya mutu. Na Epson a kafe yake, ya fi daɗewa in ana kula da shi, amma in ya mutu aikin mai gyara ne kuma yana da tsada.

Ranar da ka kawo ta gida, bayan ka cika tankuna, na'urar za ta ɗauki kamar minti goma tana jan tawada cikin tiyo. Kada wuta ta yanke a wannan lokaci. In ba ka amince da wutar unguwa ba, jona ta a ondila, wato akwatin batirin da ke riƙe wuta in ta ɗauke, ko a batirin sola. Za ka ga tankuna sun ɗan sauka, ba zuba suke ba, tiyo ne ya cika. Aikin gida na yara kuma ka riƙa buga shi a saitin da aka rubuta wa Brouillon: ya fi sauri, ya fi kodewa kaɗan, amma yana karantuwa sarai.

Daga wani ɗan kasuwa a Kuseri: Ni takardun kaya da rasit nake bugawa, ba su wuce shafi 30 a wata ba, duka baƙi. Nakan yi tafiyar sati uku ko wata guda shago a rufe. Ina da sola da ƙaramar inbata mai wat 500. Wasu sun ce leza, wasu sun ce mai tanki.

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe. Amsar da muka ba Malamin Garwa ba taka ba ce, domin aikinka ya bambanta da nasa ta fuska biyu: kana bugawa kaɗan, kuma kana barin na'ura a rufe.

Tawadar ruwa zama ne ke kashe ta. Ramukan da ke fesa ta sun fi gashin kai siranta, in ta kwana biyu ba ta motsa ba sai ta bushe a bakinsu. Littafin Epson ya ce a yi aiki da waɗannan na'urori tsakanin digiri 10 da 35, da laimar iska daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Kuseri da Njamena a watan Afrilu zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle cikin shago mai rufin kwano da aka kulle. Da hunturu kuma iska kan bushe har ta faɗi ƙasa da kashi 20 ɗin. Mai tanki da aka bari wata guda a irin wannan ɗaki, akwai yiwuwar ka dawo ka tarar tana tsallake layi.

Leza ba ruwanta da wannan. Tawadarta gari ce, tona ake ce mata, ba ta bushewa don dama a bushe take. Ka rufe shago wata biyu, ka dawo ka kunna, ta buga. Kuma rubutunta ba ya narkewa in ruwa ko gumi ya taɓa takarda, abin da ke da muhimmanci ga takardar da za ta shiga aljihun direba ta tsallaka gadar Ngeli. Ƙananan da aka sani su ne Canon LBP6030 mai tona 725, shafi 1,600, da HP LaserJet P1102 mai tona 85A, ita ma 1,600. Kai da ke buga 30 a wata, tona ɗaya ta kai ka shekaru. Sai dai ka sani, tonar da ke zuwa cikin kwalin sabuwar na'ura ba cikakkiya ba ce, wajen shafi 700 take yi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wuta. Cikin leza akwai wani ɓangare da masu gyara ke kira four da Faransanci, wato tanda, wanda ke yin zafi kusan digiri 200 don ya narkar da garin ya manne a takarda. Yayin bugawa ƙaramar leza na jan wat 300 zuwa 400, amma a sakan ɗin farko da tandar ke ɗaukar zafi takan haura wat 800. Inbatarka mai wat 500 za ta yi ƙara ta kashe kanta, in kuma an yi ta maimaitawa tana iya ƙonewa. Haka ma ƙaramar ondila ta kwamfuta, kada a jona mata leza ko kaɗan. Mai tanki kuwa wat 12 ko kusa da haka take ja, bai kai na fanka ba.

Don haka in shagon na da wutar gari ko janareta, ko da ba kullum ba, sayi leza ka ba ta soket nata daban, da regilato, wato na'urar daidaita wuta, mai ƙarfin da bai gaza VA 1,500 ba. In kuwa solar nan ce kaɗai, to nemi mai tanki mai baƙi zalla, irin Epson M1100 ko M1120, wadda tawadarta mai lamba 110 ba ta saurin narkewa da ruwa, ka bar wa yaron shago amanar ya buga shafi ɗaya duk ranar Juma'a.

Akwai kuma maganar da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. Shafi 30 a wata, ko a sefa 100 ake buga maka kowanne, jaka 3 ke nan. In don rage kuɗi ne kawai, ba lallai ne ka sayi komai ba. In kuwa don sirrin takardunka ne, ko don kada mota ta tsaya jiran a buɗe shagon fotokofi, wannan dalili ne mai ƙarfi, kuma kai ka san nauyinsa.

Daga wata Hajiya a Marwa: Firintata mai tanki ce, shekararta ɗaya. Na yi tafiya wata guda, da na dawo sai rubutu ke fita da fararen layuka, ja kuma ba ya fita sam. Na sa ta wanke kanta sau bakwai a jere, abin sai ƙaruwa yake. Yanzu tankuna sun yi ƙasa.

Amsa: Hajiya, barka da dawowa. Abu na farko, ki dakata da wankin nan. Wanki a jere ba hutu yana kaɗa tawada ta yi kumfa, kumfar ta shiga ramuka, sai ki ga layin da ke fita ɗazu ma ya ɓace. Ga kuma tawadar da ake zubarwa a banza.

Ki fara da duba tankuna. Kowanne yana da layi a ƙasa. In ja ya sauka ƙasa da layin, iska ta shiga tiyo, kuma ba wankin da zai yi aiki sai kin cika shi. Ɗaga murfin na'urar ki dubi siraran tiyon da ke bin kan fesawa: in kin ga wuri fari a cikin na ja, kamar an yanke zare, iska ce.

Sannan ki buga shafin gwajin ramuka. A kwamfuta yana cikin saitin firinta, an rubuta Vérification des buses. A Epson irin L3210 da L3250 ana yi ba kwamfuta: a kashe na'ura, a danne maɓallin tsayarwa, a kunna ana riƙe da shi har fitilar wuta ta fara ƙyaftawa. Za ta fito da 'yan layuka jere kamar matakala, kowace kala da nata. Ki rubuta lamba 1 a kan takardar ki ajiye. Ki yi wanki ɗaya, Nettoyage des têtes, ki sake buga gwajin, ki rubuta 2. Ki jera su a kan tabarma ki duba. In giɓin na nan a wuri ɗaya bai motsa ba, busasshiyar tawada ce ta toshe ramin. In ya bar nan ya koma can, iska ce ke yawo, maganinta kuma hutu ne. Epson da kansa ya ce bayan wanki uku in ba a ga sauyi ba, a bar na'ura awa 12 ba a buga komai, sannan a sake gwadawa. Ke da kika yi bakwai, ki kashe ta da maɓallinta ki bar ta ta kwana.

In an wayi gari ba sauyi, akwai babban wanki, Nettoyage puissant, wanda ke zuƙe tawadar da ke cikin tiyo gaba ɗaya ya jawo sabuwa. Ba a yin sa sai kowane tanki ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku, kuma sau ɗaya ake yi a jira. In shi ma bai yi ba, a kai wa mai gyara. Kada a tsokani kan da allura, kada a ɗura masa fetur ko giyar asibiti, kada a hura masa iska da ƙarfi da sirinji, domin fatar da ke cikinsa siririya ce, in ta fashe kaloli sun gauraye ke nan har abada.

Akwai abin da ya kamata ki sani tun yanzu. Duk tawadar da wanki ya zuƙe tana tafiya cikin wani soso a gindin na'ura, na'urar kuma tana ƙirgawa. Ranar da ƙirgen ya cika za ta tsaya cak, fitilu na ƙyaftawa, ta ce soson ya ƙare. Masu gyara na da manhajar da ke mayar da ƙirgen sifili. Wannan kaɗai bai isa ba: soson na nan jiƙe, in ba a sauya shi ko an wanke an shanya ba, wata rana tawada za ta malalo kan tebur ko ta shiga allon wuta. Ki tsaya a buɗe a gabanki. A Canon G2420 da G3420 soson cikin ɗan akwati yake mai lamba MC-G02, mai na'ura na iya zare shi ya sa sabo da kansa.

Nan gaba, shafi ɗaya mai kala huɗu duk mako ya wadatar. Kullum ki kashe ta da maɓallinta, ki jira fitila ta mutu kafin ki zare waya, domin a lokacin ne kan ke komawa gefe ya zauna a kan wata 'yar roba da ke rufe shi. In wuta ta ɗauke tana cikin aiki, kan zai tsaya a tsakiya a buɗe, da wutar ta dawo ki kunna ta ki sake kashewa yadda ya dace. Ki lulluɓe ta da zane saboda ƙurar hunturu, ki kuma nisanta ta da taga.

Daga wani ɗalibin jami'a a Ngaundere: Mu huɗu muka haɗa kuɗi za mu sayi firinta don buga kundin kammala karatu. Na ga ana sayar da tawada a babbar gora, an ce tana shiga kowace na'ura, kuma kuɗinta bai kai rabin na asali ba. Wani kuma ya ce mu sayi mai kartush a haɗa mata tanki a waje.

Amsa: Ƙanenmu, haɗa kuɗin nan dabara ce mai kyau. Kundi mai shafi 80, a buga shi sau uku don gyaran malami, sannan kwafi biyar na ƙarshe, shafi 640 ke nan ga mutum ɗaya, ku huɗu 2,560. Tawadar da ke zuwa cikin kwalin sabuwar mai tanki na iya ɗauke yawancin wannan, kwalbar baƙi ɗaya ta ƙarasa.

Tawadar da aka ce tana shiga kowace na'ura, ba mu yarda da ita ba. Kan Canon da na HP da zafi suke aiki: ɗan ƙarfe ne ke tafasa tawada ta yi tsalle ta fita, tawadar ce kuma ke sanyaya shi. Kan Epson ba ya zafi, matsa ta yake yi. Kaurin da kowanne ke so daban ne. Bayan haka tawada kanta iri biyu ce, akwai rini da ke narke cikin ruwa, akwai mai ƙananan ƙwayoyin launi da ke yawo a ciki. Baƙin Epson 103 rini ne, baƙin Canon GI-41 da na HP GT53 mai ƙwayoyi ne. In aka zuba wannan a kan wancan suna iya dunƙulewa cikin tiyo su toshe kai. Ka dubi abin da za ku rage: shafin da ke cin sefa 3 ya koma ɗaya da rabi. A shafi 2,560 bai kai jaka 4 ba. Ba a sa kan na'ura a caca don jaka 4, ga kuma garanti da za a iya hana ku. Araha ba ta ado.

Ko ta asalin ma a duba da kyau, don akwai jabu. A ga kwali a liƙe, a karanta ranar ƙarewar aiki, a karɓi rasit. Kwalbar 103 bakinta na da tsaga da ke shiga tankin kalarta kaɗai, ana kifa ta ta zuba da kanta ba a matsa ba, ta tsaya in tanki ya cika.

Tankin da ake haɗawa a waje yana aiki, amma mai reno ne. In aka ɗaga shi sama da kan fesawa tawada ta kwarara cikin na'ura, in aka saukar da shi iska ta shiga. Tiyon kan maƙale a murfi. Kuma kan da ke jikin ƙaramin kartush ba a yi shi don dubban shafuka ba. Ga mutum huɗu masu gaggawa, kowa na ɗauka yana kaiwa ɗakinsa, ba zai yi ba. Ita ma mai tankin ku zaɓa mata ɗaki ɗaya ta zauna. In dole sai an ɗauke ta a babur, a rufe bakin tankuna tam, a riƙe ta a kwance yadda take zama a tebur, kada a jingina ta a gefe.

Daga wata malamar asibiti a Gider: Ɗan'uwana ya aiko mini da firinta daga Faransa. Na sayi kartush a nan, kamarsu ɗaya da na ciki, ya shiga daram, amma na'ura ta ƙi karɓa.

Amsa: Malama, an raba duniya shiyya-shiyya a wannan harka. Misali HP DeskJet 2130: wadda aka sayar a Turai kartush 302 take sha, ta Afirka da Gabas ta Tsakiya 123, ta Amurka 63. Jikinsu ɗaya, amma na'ura na karanta lambar da ke cikinsu ta ƙi wanda ba na shiyyarta ba. Ki ɗaga murfi ki karanta lambar da ke jikin tsohon kartush, ita za ki nema, ko ɗan'uwan ya riƙa aiko miki. In tsohon bai daɗe da ƙarewa ba ana iya ɗura masa tawada da sirinji, mililita biyu zuwa uku a hankali cikin sosonsa, tun kafin ya bushe ƙarƙaf. Zai karɓi ɗuri 'yan lokuta kafin ya mutu, kuma na'ura za ta ci gaba da nuna babu tawada ko da ya cika.

Mai shirin karɓar aike daga Amurka kuma ya duba bayan na'ura. Wutarsu volt 110 zuwa 120 ce, tamu a Kamaru da Chadi 220. Leza mai 110 in aka jona ta kai tsaye, nan take za ta ƙone.

Daga wani mai karatu a Njamena: Ba ni da kwamfuta, waya kawai. Zan iya bugawa?

Amsa: Ƙwarai, ɗan'uwa, in ka sayi mai Wi-Fi. L3250 na da shi, L3210 ba ta da shi. G3420 na da shi, G2420 babu. Ba sai da intanet a gida ba, wayar na haɗuwa da na'urar kai tsaye, sai dai ka sauke manhajar kamfanin sau ɗaya: Epson Smart Panel, Canon PRINT ko ta HP. In rubutun Hausa ne mai ɓ, ɗ, ƙ, ko na Larabci da ajami, mayar da shi PDF ka duba shi a waya kafin ka buga, don kada haruffan su fito akwati-akwati ka yi asarar takarda.

Daga wani malamin Islamiyya a Mokolo: Kuɗin sabuwa ya fi ƙarfina. An kawo mini tsohuwar leza 'yar gwanjo a kan jaka 40. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Allah ya gafarta Malam. Tsohuwar leza mai baƙi na iya zama ciniki mai albarka, musamman masu shan tona 12A ko 85A, domin tonarsu ta wadata a kasuwa, kuma masu ɗuri sun san cikinsu. 12A shafi 2,000 take yi, tana shiga HP 1018 da 1020. In ana ɗura maka gari a kan jaka 5, ya buga ko da shafi 1,200 ne, shafi ya tashi sefa 4 da 'yan kai. Amma gani ya kori ji, kada ka biya sai an jona ta a gabanka. Ka tafi da warƙa 30 na takardarka, mai nauyin giram 80.

Fara da takardar da ke manne a bayanta, ka ga an rubuta 220 zuwa 240. Sannan a buga shafin bayanin na'ura, wanda ke nuna adadin shafukan da ta taɓa bugawa. A buga shafi mai rubutu, da fitowarsa ka murza da babban yatsa. In baƙin ya goge ya ɓata maka hannu, tandar ba ta zafi yadda ya kamata, wannan kuma gyara ne mai tsada, ka bar ta. In takarda ta fito a yamutse ko da baƙi-baƙi a gefe ɗaya, fatar da ke lulluɓe da tandar ta yage.

A buga farin shafi wanda ba komai a kansa, ka ɗaga shi a haske. In ka ga ɗigo yana maimaita kansa daga sama zuwa ƙasa, auna tsakaninsu da rula. Tazarar milimita 75 ko kusa da haka na nuna tabo a tambur, wato koren ko shuɗin bututun da ke cikin tona. A waɗannan na'urori tambur cikin tona yake, sabuwar tona ta kawar da matsalar, don haka wannan dalilin neman ragi ne kawai. Baƙin layi dogo daga sama har ƙasa shi ma yawanci daga tona ne, ko dai reza mai share tambur ta cinye, ko ma'ajiyar ragowar gari ta cika.

Daga nan a zuba warƙa 20 a buga su a jere. In tana jan biyu-biyu, ko tana ƙugi ba ta ɗauka, robar jan takarda ta yi sulɓi. A goge ta da tsumma mai ɗan laima a sake gwadawa, in ba ta daina ba a sauya, ba ta da tsada. Ka tabbatar kuma kwamfutar da za ka yi aiki da ita ta gane na'urar, don waɗannan tsofaffin da wayar USB kaɗai suke aiki.

In lokacin ɗuri ya yi, ka ce wa mai ɗurin ya zubar da tsohon garin da ke ma'ajiyar shara kafin ya zuba sabo, kuma ya yi aikin a inuwa, don hasken rana na lalata tambur cikin 'yan mintuna. A yi a waje ko bakin ƙofa, ba inda yara ke karatu ba, saboda garin ba shi da kyau a shaƙa. In ya zuba a riga, a kaɗe shi a wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi narkar da shi yake ya kama yadin.